Briefcase (manhajar Windows)

Briefcase wata ƙaramar manhaja ce da kamfanin Microsoft ya saka a cikin Windows 95 domin daidaita fayiloli tsakanin kwamfutoci biyu. Ma'anar sunan a Turanci ita ce jakar hannu da ma'aikata ke zuba takardun ofis. Aikinta shi ne tabbatar da cewa fayil ɗin da aka gyara a wani wuri ya zama daidai da na asalin da aka bari a gida ko a ofis, ba tare da an haɗa da intanet ba. An ɓoye ta a Windows 8, sannan aka cire ta gaba ɗaya daga Windows 10 a shekarar 2017.

Tarihi

A lokacin da Windows 95 ta fito, a watan Agustan 1995, yawancin mutane suna ɗaukar aikinsu ne a faifan floppy, wanda ba ya cin fiye da megabait 1.44. Ma'aikaci zai kwafi takarda daga kwamfutar ofis, ya gyara ta a gida, washegari ya dawo da kwafi biyu masu suna ɗaya, bai san wanne ne sabo ba. Wannan matsalar aka yi Briefcase domin magancewa. Ta ci gaba da zuwa a cikin Windows 98, Windows 2000, XP, Vista da Windows 7.

Yadda take aiki

Ana danna maɓallin dama na linzamin kwamfuta a kan allo, a zaɓi New, sannan Briefcase. Wata folda mai hoton jaka za ta bayyana. Duk fayil ɗin da aka ja aka saka a ciki, kwafinsa ne ke shiga, na asalin yana nan inda yake. Jakar tana riƙe da wani ɓoyayyen fayil da ke rubuta inda kowane kwafi ya fito da lokacin da aka taɓa shi na ƙarshe.

Daga nan sai a mayar da jakar kan faifai ko filasha, a tafi da ita, a yi gyara a cikinta. Idan aka dawo aka danna Update All, manhajar za ta kwatanta kwafin da na asalin, ta nuna wanda ya canza, ta nemi izinin maye gurbin tsohon da sabon. Idan duka biyun aka gyara, ba ta yanke hukunci da kanta, sai ta bar wa mai aikin ya zaɓa. Fayil ɗin da aka ƙirƙira a cikin jakar, wanda ba shi da na asali a waje, tana kiran sa maraya, kuma ba ta daidaita shi da komai.

Tana da rauni. Lokacin gyara take dubawa, don haka idan agogon ɗaya daga cikin kwamfutocin ba daidai yake ba, kamar yadda yake faruwa idan ƙaramin batirin cikin tsohuwar kwamfuta ya mutu, lissafinta na iya rikicewa. Haka kuma sauya wa fayil na asali suna ko wuri yana yanke alaƙarsa da kwafin da ke jakar.

Cire ta

A Windows 8, wadda ta fito a 2012, an cire Briefcase daga jerin New, amma an bar fayilolin da ke gudanar da ita a cikin tsarin. A lokacin Microsoft ya karkata zuwa ajiya a intanet ta hanyar SkyDrive, wadda aka sauya wa suna zuwa OneDrive a 2014. Da aka saki Windows 10 zubin 1703 a watan Afrilun 2017, sai aka fitar da manhajar ɗungurungum. Babu ita a Windows 11.

Dawo da ita

Yiwuwar dawo da Briefcase ta dogara ne da irin Windows ɗin da ke kan kwamfuta. A Windows 7 da waɗanda suka gabace ta, tana nan, babu abin da za a dawo da shi. A Windows 8, 8.1 da zubin Windows 10 na kafin 1703, ana dawo da ita ta hanyar gyara rajistar Windows, wato rumbun da tsarin yake ajiye saitinsa. Ana buɗe regedit, a ƙara bayanan da suka ɓace a ƙarƙashin HKEY_CLASSES_ROOT\Briefcase\ShellNew, a sake kunna kwamfutar, sai sunan ya koma jerin New. Kuskure a rajista na iya hana Windows tashi, saboda haka ana ajiye kwafinta kafin a taɓa ta.

Daga zubin 1703 zuwa sama, gyaran rajista ba ya wadatarwa, domin abin da zai kira ɗin babu shi. Sauko da tsofaffin fayilolin tsarin daga shafukan da ba a san masu su ba hanya ce da ƙwayoyin cutar kwamfuta ke shiga. Zama a kan tsohuwar Windows saboda Briefcase ma yana da nasa haɗarin: Microsoft ya daina fitar da gyaran tsaro na Windows 7 ranar 14 ga Janairun 2020, na Windows 8.1 kuma ranar 10 ga Janairun 2023.

Abin da ke maye gurbinta

Buƙatar da ta haifar da Briefcase ba ta gushe ba. Ɗalibin da ke zaune a Garo, Kabo ko Gwarzo, wanda yake rubuta kundin kammala karatu a gida, ya kai shi shagon kwamfuta a buga, sannan ya kai wa malami a Kano, yana yawo ne da kwafi uku a filasha. OneDrive na buƙatar data da sabis mai ƙarfi, waɗanda ba kullum ake samu ba. Idan aka ɗora tsohon kwafi a kan sabo, aikin makonni na iya salwanta.

Saboda haka abin da ya fi sauƙi shi ne a dawo da aikin, ba manhajar kanta ba. FreeFileSync manhaja ce ta kyauta da ke kwatanta folda biyu, ta nuna bambancinsu kafin ta kwafi komai, kuma tana aiki ba tare da intanet ba. Akwai kuma robocopy, umarnin da ke zuwa a cikin Windows tun daga Vista. Sai dai zaɓinsa na /MIR yana goge duk abin da ke foldar da ake kwafa zuwa cikinta matuƙar babu shi a ta asali, don haka ana gwada shi a kan fayilolin da ba su da muhimmanci tukuna.

Ba kowace tsohuwar manhaja ce ke ɓacewa har abada ba. File Manager, wadda ta zo da Windows 3.0 a 1990, Microsoft ya sake sakin ta kyauta a GitHub a watan Afrilun 2018, aka gyara ta ta yi aiki a Windows 10.