Jarumin da ba ya shiga rai: Yadda halinsa ke gyara ko ɓata wasan bidiyo na ban tsoro

Kwana 12 kacal ne tsakanin fitowar wasu wasannin bidiyo biyu na ban tsoro da suka ja hankalin masu sharhi a shekarar 2024. A ranar 26 ga Satumba, wani ƙaramin kamfani na ƙasar Suwidin mai suna Wrong Organ ya fitar da Mouthwashing. A ranar 8 ga Oktoba kuma, kamfanin Konami na Japan ya saki sabon zubin Silent Hill 2, wanda kamfanin Bloober Team na ƙasar Folan ya sake ginawa daga tushe, aka kuma sayar da kwafi miliyan ɗaya cikin kwana uku. Ɗaya gajere ne da ake gamawa a zama guda, ɗayan kuwa yana cin sa'o'i fiye da goma. Abin da ya haɗa su shi ne kowannensu ya damƙa wa mai wasa ragamar mutumin da ya aikata abin da ba ya faɗuwa. Wannan bayani zai tona ƙarshen labaran wasannin da ya ambata, don haka wanda bai buga su ba ya san da hakan.

Tambayar da ta daɗe tana raba kan masu ƙirƙirar irin waɗannan wasanni ita ce: shin tsoro zai kama mutum idan bai damu da wanda yake sarrafawa ba? Mai kallon fim yana iya naɗe hannu ya zuba wa mugu ido har a tashi. Mai buga wasa ba shi da wannan damar, domin shi ne ke ɗaga ƙafar jarumin, shi ke buɗe masa ƙofa, shi ke ɓoye shi a bayan kabad. Idan ya ƙi jinin mutumin, yana iya kashe na'urar ya nemi wani abin yi, kamfani kuma ya yi asarar shekarun da ya kwashe yana aiki.

Wasannin ban tsoro iri biyu ne a dunƙule. Akwai masu dogaro da razanarwa, inda wani abu zai faɗo gaban mutum ba zato, da ƙara mai fasa kunne. Akwai kuma waɗanda tsoronsu ke cikin yanayi: hazo, duhu, takun da ba a ga mai shi ba, doguwar baranda wadda babu kowa a cikinta. Iri na farko ba ruwansa da ko wane ne jarumi, tunda jiki kan zabura kafin tunani ya iso. Iri na biyu kuwa a hankali yake dafa mutum. Sai mai wasa ya yi minti goma ko ashirin babu abin da ya faru, kuma a wannan shirun ne zuciyarsa ke ƙirƙiro abin da ke jiransa a gaba. Duk abin da ya fizge shi daga wannan shirun ya rusa ginin, kuma babu abin da ya fi kusa da kunnensa kamar muryar jarumin.

Shi ya sa kamfanoni da dama suka zaɓi su rufe wa jarumi baki. A Dead Space na 2008, injiniya Isaac Clarke ba ya magana a tsawon wasan, fuskarsa ma tana cikin kwalkwali. A Outlast na 2013, ɗan jarida Miles Upshur yana yawo a asibitin masu taɓin hankali da kyamara a hannu, ba a jin komai daga gare shi sai haki da ihun azaba. Dabarar tana aiki, amma tana da iyaka. Mutumin da ba shi da hali ba shi da tarihi, kuma wanda ba shi da tarihi ba shi da abin da zai biyo shi.

Garin da aka gina da laifin mutum ɗaya

Silent Hill 2 na asali ya fito a 2001 a kan na'urar PlayStation 2. James Sunderland ya sami wasiƙa daga matarsa Mary, tana cewa tana jiransa a garin Silent Hill, alhali a saninsa ta rasu shekara uku da suka wuce bayan doguwar jinya. A farkon tafiya, mai wasa na ganin James a matsayin mijin da baƙin ciki ya gigita. Sai dai tun da wuri akwai abubuwan da ba sa kwanta wa mutum a rai. Maganarsa a sanyaye take, kamar wanda bai gama farkawa daga barci ba. Yana haɗuwa da mutanen da ke cikin mummunan hali, irin su Angela da Eddie, ya yi musu 'yan tambayoyi ya wuce abinsa. Ya gamu da Maria, mace mai kama da matarsa kamar an tsaga kara, kuma bai iya ɓoye cewa ta ɗauke masa hankali ba. Wata yarinya 'yar shekara takwas mai suna Laura ta tsane shi tun ganin farko: ta taka masa hannu, ta shure mabuɗin da yake ƙoƙarin ɗauka, daga baya ta kulle shi a wani ɗaki na asibiti, tana zarginsa da cewa bai taɓa son Mary ba.

A ɗaki mai lamba 312 na otal ɗin Lakeview ne gaskiya ta fito. Wani kaset ɗin bidiyo ya nuna James yana danne fuskar matarsa da matashi har ta daina motsi. Ba ma shekara uku aka yi ba, kwanan nan abin ya faru, ƙwaƙwalwarsa ce ta ƙirƙiro masa labarin da zai iya rayuwa da shi.

Abin da ya sa wannan tonon silili bai kashe tsoron wasan ba shi ne, duk garin daga cikin James aka sassaƙo shi. Dodannin da mai zane Masahiro Ito ya tsara suna ɗauke da siffofin cuta, da gadon asibiti, da sha'awar da aka danne a shekarun jinya. Babban cikinsu, Pyramid Head, wato mai kan dala, wanda ke jan wata ƙatuwar wuƙa a ƙasa, hukuncin da James yake ganin ya cancanta ne ya zama mutum yake bin sa. Laura, wadda ba ta da laifin kowa, tana yawo a titunan nan ba ta ganin dodo ko ɗaya. Hatta wasiƙar Mary da ke aljihunsa, wanda ya riƙa duba ta zai ga rubutun ya ɓace, daga baya takardar ma ta tafi. Da James mutumin kirki ne, da hazon garin hazo ne kawai, dodannin kuma kayan cike hanya.

Akwai wata dabara da ta ƙara ɗaure mai wasa da shi. Wasan yana lura da yadda ake tafiyar da James ba tare da ya sanar ba. Wanda ya bar shi yana yawo da rauni bai yi masa magani ba, ya kuma riƙa duba wuƙar da Angela ta bar masa, yana kusantar ƙarshen da James zai halaka kansa a tafki. Wanda ya riƙa manne wa Maria yana kare ta, zai iya ƙarewa da James ya bar garin tare da ita, tana tari irin na marigayiyar. Ke nan, ko ƙyamar da mai wasa ya ji game da shi, ko tausayin da ya nuna masa, duk an lissafa su cikin hukuncin.

Kamfanin Frictional Games na Suwidin ya bi makamanciyar wannan hanya a Amnesia: The Dark Descent na 2010. Daniel ya farka a wata tsohuwar fada a daular Prussia a 1839, bai san komai game da kansa ba sai takardar da ya rubuta da hannunsa yana umartar kansa da ya kashe mai fadar. Ba shi da makami, daga fitila sai gudu. Yana ƙara gangarawa ƙarƙashin ginin, yana ƙara tuna cewa shi ma ya azabtar da fursunoni don ya ceci ransa. Mantuwar ta ba mai wasa lokacin sabawa da shi kafin a nuna masa jinin da ke hannunsa.

Mouthwashing bai yi wannan rangwamen ba. Labarin ma'aikata biyar ne na wani jirgin dakon kaya a sararin samaniya mai suna Tulpar, wanda ya yi karo ya maƙale, kuma da suka fasa ma'ajiyar kayan da suke dako da fatan samun abinci, sai suka tarar da kwalaben ruwan kurkure baki. An ɗora alhakin haɗarin a kan kyaftin Curly, wanda ya ƙone ƙurmus, ya rasa hannuwa da ƙafafu, ba ya iya magana. Mataimakinsa Jimmy ne ya karɓi shugabanci, kuma shi mai wasa ke sarrafawa a mafi yawan lokaci. Jimmy mutum ne mai gatse da raini, mai hassada, wanda kullum yake alƙawarin zai gyara komai. A hankali ake gane cewa shi ya jefa jirgin cikin haɗarin da gangan, bayan ya ci zarafin Anya, ma'aikaciyar jinyar jirgin, yana gudun abin da zai biyo baya idan an sauka.

A nan babu wanda ke tsoron kada wani abu ya sami Jimmy. Tsoron ya juya, ya koma kan sauran huɗun, kuma abin tsoron shi ne hannun da mai wasa ke motsawa. Wurin da mutane da yawa suka fi jin nauyinsa ba shi da dodo ko kaɗan: ana buƙatar mai wasa ya buɗe bakin Curly ya tura masa ƙwayar rage zafi, shi kuwa yana kallonsa da ido ɗaya, ya san gaskiya, ba shi da bakin faɗa. Gajartar wasan ma na cikin hikimarsa. Sa'o'i biyu zuwa uku a cikin kan Jimmy abu ne da ake iya daurewa, ashirin kuwa da wuya.

Inda abin ke lalacewa

Matsalar da ta fi cutar da yanayin tsoro ba ta cika fitowa daga mugunta ba. Ta fi fitowa daga jarumin da abin da yake ji bai dace da abin da ke gabansa ba. A Resident Evil 7 na 2017, Ethan Winters ya je wani gida a jihar Louisiana ta Amurka neman matarsa. An datse masa hannu da zarton inji tun a farkon wasan, an mayar masa da shi da ƙusoshin ɗinki, amma martaninsa ga yawancin abubuwan da suka biyo baya bai wuce na wanda mota ta lalace masa a hanya ba. Gidan iyalan Baker yana da ban tsoro ƙwarai, sai dai duk lokacin da Ethan ya yi tsaki a inda ya kamata numfashinsa ya ɗauke, yana tuna wa mai wasa cewa allo ne a gabansa. Ethan bai yi wa kowa laifi ba, amma sanyin jikinsa ya fi laifin James rage wa wasan kwarjini.

Batun SOMA, wanda Frictional Games ya fitar a 2015, ya fi wannan sarƙaƙiya. Simon Jarrett, wani matashi a birnin Toronto na Kanada, ya je a ɗauki hoton ƙwaƙwalwarsa bayan haɗarin mota, sai ya farka a wata tashar bincike a ƙarƙashin tekun Atlantika a shekarar 2104, bayan wani tauraro mai wutsiya ya shafe rayuwa a doron ƙasa. Ashe shi kwafin tunanin Simon ne da aka zuba a cikin wani jiki. Abokiyar tafiyarsa, masaniyar kimiyya Catherine Chun, ta yi masa bayanin cewa idan aka kwafi mutum, na asalin yana nan inda yake, ba ya ƙaura zuwa sabon jiki. A tsakiyar wasan Simon ya ga hakan da idonsa: aka kwafe shi zuwa wata rigar nutso, ya waiwaya ya ga tsohon kansa zaune a kujera yana numfashi. Duk da haka ya ci gaba da tafiya da imanin cewa nan gaba shi ne zai tsallaka.

Masu wasa da dama sun kira wannan daƙiƙanci, kuma suna da hujja. Idan mai wasa ya riga jarumi fahimtar abu da sa'o'i, tazara na shiga tsakaninsu, sai ya koma ɗan kallo mai jiran wani ya gane karatu. A wasan da duk ƙarfinsa ke kan jin cewa kai ne a ƙasan tekun, wannan ba ƙaramin giɓi ba ne. Amma akwai wani karatun da ya fi yi wa marubutan adalci. Simon ya fahimta sarai, ya dai ƙi yarda ne, domin yarda na nufin babu dalilin ɗaga ƙafa. A wannan fuskar yana kusa da James Sunderland fiye da yadda ake zato, su biyun duk labari suka ba kansu don su iya ci gaba da tafiya. Bambancin shi ne, Silent Hill 2 ya ɓoye wa mai wasa ƙaryar har zuwa otal, SOMA kuwa ya bar shi yana kallon ta a fili.

A Disamban 2017, Frictional Games ya ƙara wa SOMA wani tsari da dodannin ba sa iya kashe mai wasa. Suna nan suna kai-komo a barandun tashar, amma babu mutuwa, babu komawa baya a sake gwadawa. Abin da ya rage shi ne tekun, da muryar Catherine, da Simon. Ƙarshen bai canja ba: an harba akwatin da ke ɗauke da kwafin ragowar 'yan Adam zuwa sararin samaniya, wani Simon ya tafi a ciki, wannan kuma ya tsinci kansa a kujerar da yake zaune. Ya hau Catherine da zagi yana cewa ta yaudare shi, ita ma ta fusata ta mayar masa, har na'urar da take ciki ta ƙone. Fitilu suka mutu, ya rage shi kaɗai yana kiran sunanta.