Yadda za ka kalli zanen masallacin Amr

A gidan adana kayan tarihi na Metropolitan da ke birnin New York akwai wani zanen fenti da Bafaranshe Jean-Léon Gérôme ya yi a 1871. Cikin masallacin Amr ɗan Al-As ya zana, masallaci na farko a ƙasar Masar, wanda aka kafa a Fustat, tsohuwar Alƙahira, wajen shekarar 642.

Kafin ka dubi masallata, fara da ginshiƙan. Sun jeru sahu-sahu, kowanne na baya ya fi na gabansa ƙanƙanta, har ido ya ɗauka ginin ya zurfafa cikin ƙyallen zanen, alhali ƙyallen shimfiɗe yake. Da wannan dabarar masu zana abu kamar yadda ido ke ganinsa suke aiki. Daga nan ka ɗaga kai ga bakunan gini, da katakan da suka ɗaure ginshiƙi da ginshiƙi, da fitilun da ke reto. Ka lura da inda haske ya sauka a kan marmara, da tattabarun da ke ƙasa.

Sai dai kada kyan aikin ya ruɗe ka. Lokacin da Gérôme ya je Masar a 1868, masallacin ya tsufa, ba a cika amfani da shi ba. Masana na ganin harhaɗa taron ya yi daga zane-zanensa da hotuna. Ga attajiri da barorinsa, ga wani sanye da bante a wuri guda, abin da Turawan Faris na wancan zamani ke son gani ne. A ganina ginin ya fi mutanen gaskiya.