Ƙera Ƙaramin Jirgin Ruwa Na Katako: Wasan Yara Ko Ilmin Sana'a?

Duk wanda ya ratsa Kekun Waje, ko sauran ƙauyukan ƙasar Bunguɗu da Tsafe, bayan an kawar da amfanin gona, ba zai rasa ganin yara a gindin bishiya sun baje karan dawa, suna fere ɓawo suna soka shi cikin totuwa, har su tayar da mota ko jirgin sama ba. Manya kan wuce su, suna ɗaukar abin wasa ne kurum. Alhali kuwa irin wannan aiki ne, idan aka koma da shi kan katako aka haɗa masa awo, ya zama sana'ar da manyan ƙasashe suka dogara da ita wajen ƙera jiragen ruwansu.

Sana'ar ta daɗe ƙwarai. Cikin shekarar 1920 masu binciken tarihi suka buɗe kabarin wani babban ma'aikacin Fir'auna mai suna Meketre a ƙasar Masar, suka tarar da ƙananan jiragen katako masu shekara wajen 4,000, har da matuƙansu. A Ingila kuwa, tun ƙarni na 17 akan yi wa hukumar mayaƙan ruwa samfurin jirgi bisa awon rubu'in inci a madadin ƙafa ɗaya, watau kashi 1 cikin 48. Daga baya, wajen 1872, wani injiniya William Froude ya gina doguwar kwatarniya a garin Torquay, yana jan ƙananan jirage a ciki don ya san yadda manyansu za su yi a teku.

Ɗalibin Gusau ba sai ya je Ingila neman abin kwaikwayo ba. A 1987 wani makiyayi yana haƙa rijiya a Dufuna, cikin Jihar Yobe ta yanzu, ya ci karo da kwale-kwalen da masana suka ce ya kai shekara 8,000, wanda babu kamarsa a tsufa duk Afirka. Tsawonsa mita 8.4 ne, faɗinsa rabin mita. In an rage shi kashi 1 cikin 20, sai ya dawo santimita 42 a tsaye, 2.5 a faɗi.

Kayan aikin ba su fi ƙarfin ɗalibi ba: wuƙa mai kaifi, da ƙaramin zarto, da magagari, da basilla, da rula, da fensir, da gam, da takardar goge katako. Icen da ya dace da ɗan koyo shi ne mai taushi, irin su rimi, amma lalle ya kasance busasshe, domin ɗanye yakan tsage ko ya karkace in iskar hunturu ta buga shi. Maɗaci ya fi kyau da ƙarko, sai dai yana bukatar hannun da ya goge.

Farkon aiki zane ne a takarda: jirgin ta gefe, da ta sama, da ta gaba. Sa'an nan a ja layi a tsakiyar icen daga goshi zuwa wutsiya, a riƙa sabunta shi duk sa'ad da wuƙa ta share shi, gama da shi ake tabbatar da cewa dama da hagu sun daidaita. A yanka kwali bisa siffar cikin jirgin a wurare huɗu ko biyar, ana ɗan sassaƙawa ana gwadawa. Sai bayan an gama waje za a rarake ciki, kamar yadda masassaƙi ke yi wa akushi. Wanda ya ƙware yakan bar sassaƙa ya koma ga haɗi: ya kafa ƙashin baya, ya jera haƙarƙari, ya jiƙa siraran katako a ruwan zafi har su yi laushi, ya lanƙwasa su ya manne ɗaya bayan ɗaya, yana yin dama yana yin hagu don kada jirgin ya murɗe.

Babban darasin yana zuwa ran da aka saka shi a ruwa. Jirgin da aka rage kashi 1 cikin 20, nauyin da zai ɗauka kashi 1 ne cikin 8,000, domin ragin ya shafi tsawo da faɗi da zurfi gaba ɗaya. Yaron da ya jera tsakuwa a ciki zai gani da idonsa cewa kaya a ƙasa suna zaunar da jirgi, kaya a sama ko a gefe guda suna kifar da shi. Wannan ba ƙaramin sani ba ne a jihar da ta yi asarar rayuka masu yawa cikin watan Satumba 2024, lokacin da kwale-kwale ya kife da manoma a ƙasar Gummi.

Tsarin ilmi na 6-3-3-4 da aka soma a 1982 ya shigar da koyon sana'a ƙananan makarantun sakandare, amma a wurare da dama injunan da aka sayo sun tsufa cikin akwatunansu saboda rashin lantarki da malamai. Wannan aiki kuwa ba ya jiran lantarki. Abin da ya rage ga jami'an Ma'aikatar Ilmi da shugabannin makarantu shi ne su gayyato masassaƙin gari ya zauna tare da malamin lissafi, a miƙa wa yaron da ya saba da kara ice da rula.