Kulod Mone, Mai Zanen Haske

'Yan'uwa, duk wanda ya lura da bango da hantsi, kāna ya sāke dubansa da la'asar sakaliya, ya san launinsa ba ɗaya ba ne. To, wannan ɗan abu shi ne wani Bafaranshe, Kulod Mone, ya ƙare rayuwarsa yana bi.

An haife shi a Faris cikin 1840, amma a Lahabur ya tashi, wani gari na bakin teku. Tun yana yaro yakan zana fuskokin mutanen gari don ban dariya, ana saye. Sai wani mai zane, Bude, ya ja shi waje, ya nuna masa yin zane a fili. A zamanin nan kuwa galibin gwanaye cikin ɗaki suke aikinsu, suna ta gyara har sawun burushi ya ɓace. Cikin 1861 aikin soja ya kai shi Aljeriya, inda hasken ranar Afirka ya ƙara buɗe masa ido.

Haske ba ya jiran kowa, saboda haka tilas Mone ya yi hanzari, yana ɗiga launi kusa da launi. In ka matsa kusa sai ka ga dabbare-dabbare, in ka ja da baya sai ga ruwa yana ƙyalli. Alƙalan babban nunin hotuna na Faris suka yi ta mai da masa aikinsa. Talauci ya kama shi ƙwarai, har yakan rubuta wa abokai yana roƙon rance.

Cikin 1874 shi da abokansa suka shirya nasu nuni. Ya kai hoton fitowar rana a tashar jiragen Lahabur, ya sa masa suna Imfireshan, watau abin da ido ya kama a kallon farko. Wani ɗan jarida ya ɗauki kalmar ya yi musu ba'a da ita. Ashe suna ya raɗa musu, da shi aka san su har yau.

Matarsa Kamil ta rasu cikin 1879, ba ta ga arzikinsa ba. Ya koma ƙauyen Jibarni cikin 1883, kasuwa ta buɗe. A nan, a ganina, gwanintarsa ta cika: tarin alkama kaɗai ya zana wajen sau 25, da safe da maraice, da rani da lokacin ƙanƙara, ba wanda ya yi daidai da wani. Ya haƙa tafki a lambunsa, ya dasa bado, ya yi hotunansa kimanin 250.

Cikin 1912 likita ya ce yana ta kama idanunsa. Launuka suka rikice masa, ja da rawaya suka rinjayi aikinsa, amma bai aje burushi ba. Aka yi masa aiki cikin 1923, ya koma kan manyan hotunan badon nan da ya yi wa ƙasarsa kyauta. Ya rasu cikin 1926 yana da shekara 86, aka buɗe ɗakin nuninsu a Faris bayan wata biyar.