Kafin ka sayi zoben haɗa gilashin kyamara a kasuwannin Omdurman

Sudan ƙasa ce mai tsohon tarihin ɗaukar hoto. Rashid Mahdi ya yi suna da shagonsa na Atbara, Gadalla Gubara kuma ya kafa Studio Gad a Khartoum, dukansu sun rasu a 2008. A zamaninsu kyamarar fim ce ke tashe, kuma ɗaliban da suka yi karatu a Tarayyar Sobiyet sun saba da irin su Zorki da FED da Zenit. Har yau akan ci karo da waɗannan kaya a cikin akwatunan gida ko a tsakanin kayan gwanjo. Matashin da ke zaune a unguwar Dar Salam ta Omdurman, idan ya tsinci gilashi mai faɗin gani, irin wanda ke kwaso tsakar gida kaf a hoto ɗaya, abin da zai fara zuwa masa a rai shi ne ya nemo adafta, wato zoben haɗi, ya ɗaura shi a kan wata kyamarar. A nan ne kuɗin mutane ke salwanta.

Mai sayarwa zai murɗa gilashin a gabanka, ya ce maka ga shi ya shiga daram. Shiga daban, aiki daban. Kowace kyamara tana da tazarar da aka ƙayyade tsakanin bakinta da fim ko sensa. A tsofaffin Leica masu bakin murɗi, da Zorki da FED da suka kwaikwaye su, tazarar milimita 28.8 ce. A Leica M, wadda ta fito a 1954, milimita 27.8 ce. Ke nan zoben da ke haɗa su kaurinsa milimita 1 ne cif, kuma duk aikin nasa shi ne cike wannan gurbi.

Gilashi mai faɗin gani ba ya yafe kuskure a nan. Gilashi mai milimita 21, daga saitin nesa mafi nisa zuwa saitin mita 1, motsin da yake yi bai kai rabin milimita ba. Idan zoben ya ƙara kauri da kashi ɗaya bisa goma na milimita, abin da bai wuce kaurin takarda ba, gilashin zai tsaya a wajen mita 4 da rabi alhali alamarsa na nuna ƙarshen nisa. Da gilashi mai milimita 50 ne, wannan kuskuren zai kai shi wajen mita 25, wataƙila ma ba za ka lura ba. Shi ya sa zoben da ya yi wa abokinka aiki lafiya lau zai iya ba ka hoto dishi-dishi.

Akwai kuma tarkon da ya fi kama mutane. Tsofaffin Zenit na farko suna da bakin murɗi mai faɗin milimita 39, daidai da na Zorki, amma tazararsu ta haura milimita 45. Gilashin Zenit zai murɗu a kan zobenka salin alin, amma ba zai taɓa ba ka hoto mai kyau ba. Haka nan gilashin Jupiter-12 mai milimita 35 an yi shi iri biyu, na bakin murɗi da na kyamarar Kiev, kuma ba sa musanya.

Shi Jupiter-12 ɗin ma yana da nasa hali. Juya shi ka duba bayansa: wani ƙaton gilashi ne ya kumburo waje ba kariya, yana nutsewa can cikin kyamara har kusa da labulenta. A Leica M5 da CL akwai ɗan hannun auna haske da ke tsaye a wurin, kuma irin wannan gilashi na iya buge shi. A kyamarorin zamani da yawa ma yakan tokare. Idan ka ji ya cije, dakata. Ƙarfi ba ya gyara shi, karce kawai zai bar maka.

Kyamara mai ma'aunin nisa, irin su Leica da Zorki, tana da ɗan ƙaramin gargare a cikin bakinta, wanda bayan gilashi ke turawa idan kana saiti, har hotuna biyun da kake gani a tagar leƙe su haɗu. Gilashin Nikon ko Canon na manyan kyamarori, idan an ɗaura shi da adafta na gama-gari, ba ya taɓa wannan gargare, sai dai ka kintaci nisan da ido. Ba laifi ba ne ga mai faɗin gani, amma ka sani tun kafin ka biya. Sannan zobban Leica iri uku ne, an rubuta musu 28/90, 35/135 ko 50/75, kowanne da layin iyakar hoton da yake fito da shi. A kyamarar dijital kuwa, tsofaffin gilasan nan sukan bar duhu ko launin shunayya a kusurwoyin hoto.

Saboda haka tafi kasuwa da kyamararka, kada ka tafi da hotonta a waya. Ɗaura, girgiza a hankali ka ji ko yana lilo, kai saiti ƙarshe, ka auna hasumiyar wani masallaci mai nisa. Zoben tagulla ya fi na sanholo jurewa, balle a garin da guguwar habub ke cusa ƙura a kowace kafa. Kada dai ka yi gwajin a kan gada ko kusa da shingen jami'an tsaro. Tun kafin yaƙin 2023 ɗaukar hoton irin waɗannan wurare haramun ne.

Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023 ya ƙara wata tambaya da ba ta cikin littafin kowace kyamara. An wawashe gidaje da shaguna da ofisoshi a Khartoum da Omdurman, kayan kuma sun bazu a kasuwanni. Idan aka miƙo maka Leica a kan kuɗin da bai kai na tsohuwar waya ba, tambayi inda aka samo ta, ka rubuta lambar da ke jikinta da ta gilashin, domin masu kaya da yawa sun fara komawa gida tun daga 2025, kuma da wannan lambar za su iya cigiya.