Ɗaukar Wanda Ya Ji Rauni a Ƙashin Baya: Ra'ayi da Aikin Ma'aikatan Agaji a Kaduna

Gabatarwa

Maƙasudin wannan takarda shi ne a duba yadda ake ɗaukar wanda ya yi haɗarin mota a arewacin birnin Kaduna, watau daga Kawo da Mando da Rigachikun zuwa asibitin Barau Dikko, domin sau da yawa a wannan ɗauka ne ake ceton mutum ko a naƙasa shi.

Tushen Matsalar

Ƙasusuwan wuya guda 7 ne, laka kuwa ta cikinsu ta ratsa. Idan ɗaya ya karye, lanƙwasa wuyan na iya sa shi ya danne lakar, hannuwa da ƙafafu su shanye. In raunin ya yi sama sosai, har numfashi yakan tsaya, domin daga tsakanin ƙashi na 3 zuwa na 5 jijiyoyin tantanin numfashi suke fitowa.

Sauyin Ra'ayi

Tun wajen shekarun 1970 aka saba a Amurka da ɗaure majiyyaci a kan dogon allo, a sa masa abin wuya mai tauri, kamar yadda maɗori yake tallafe karaya da karare. Amma a 1998 Hauswald da abokan aikinsa suka kwatanta majiyyatan Maleshiya, waɗanda ba a ɗaure ba, da na jihar New Mexico, waɗanda aka ɗaure, ba su ga fifikon ɗaurin ba. An kuma lura cewa daɗewa a kan allo yana jawo ciwo da gyambo da ƙuncin numfashi. Saboda haka a 2018 manyan ƙungiyoyin likitocin haɗari na Amurka suka daidaita a kan cewa manufa ita ce taƙaita motsin ƙashin baya, allo kuwa na ciro mutum ne, ba na doguwar tafiya ba.

Halin da Ake Ciki a Kaduna

Wannan sauyi yana iya rikita ma'aikaci: wani ya ɗauka in babu allo babu abin yi, wani kuma ya ɗauka an daina kula da wuya ɗungurungum. Duka biyu kuskure ne. Daɗin daɗawa, ko da yake an kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa tun 1988, galibi direbobi da 'yan kamasho da masu wucewa ne suke fara isa wurin. Cikin tausayi sai su kama hannu da ƙafa, kai yana reto, su cusa mutum a bayan mota.

Abin da ya kamata shi ne mutum ɗaya ya riƙe kan daidai da gangar jiki, shi ne kuma mai ba da umarni, sauran su juya majiyyaci gaba ɗaya kamar gungume. Sai dai buɗe hanyar numfashi da tsayar da jini suna gaba da komai.

Kammalawa

Ashe ilimi ya fi kayan aiki muhimmanci a nan. Ina ba da shawarar a koyar da wannan ɗauka a aikace a kwalejojin horon malamai da tashoshin mota, domin hannun da ya fara taɓa majiyyaci ya san abin da yake yi.