Kyauta Ce, ko Ciniki? Magana a kan Masu Ɗaukar Nauyin Taron Neman Gudunmawa

Maganarmu ta yau ta fi shafar ma'aji da magatakarda da dattawan ikilisiya, amma duk wanda ya taɓa sa hannu a aljihu a ranar lancin, shi ma ya kasa kunne.

Idan ƙungiya ta tashi gina aji, ko sayen magani, ko taimakon waɗanda masifa ta auka wa kamar ambaliyar ruwan da ta ci gidaje da rayuka a Jibiya cikin Yulin 2018, takan kira taro. A buga kati, a kafa rumfa, a nemi 'yan kasuwa su ɗauki nauyi. Mai ɗaukar nauyin nan kuwa ba kullum yake komawa gida hannu wofi ba. A ba shi teburi da abinci, a sa tallarsa cikin littafin shirin taro, wani lokaci har a ba shi wurin baje hajarsa. Washegari sai ya aiko yaro karɓar rasit, yana so a rubuta dukan kuɗin a matsayin kyauta. To, kyauta ce duka?

Ku da kuke bakin iyaka kun san amsar. Idan mota ta tsaya a gaban 'yan kwastan, ba abin da aka rubuta a jikin kwali suke bi ba, buɗewa suke yi su ga abin da yake ciki. Haka ma kuɗin taro. Abin da mutum ya bayar bai karɓi komai a madadinsa ba, shi ne kyauta. Abin da ya karɓi daidai da shi, ciniki ne, ko da a harabar majami'a aka yi shi.

Bari mu yi lissafi. A ce wani ɗan kasuwa ya ba da N500,000. Aka ba shi teburin mutum 10, abincin kowane mutum ya kai N5,000 a gidan abinci, N50,000 ke nan. Aka ba shi shafi guda na talla, wanda ake sayar wa wasu N50,000. Aka ba shi rumfar sayar da kaya ta N20,000. Ya karɓi abin da ya kai N120,000. Kyautarsa ita ce N380,000. Wani zai ce, ai Zumuntar Mata ce ta dafa abincin, ba a biya su ko kwabo ba. Gaskiya ne, Allah ya saka musu. Amma darajar abin a kasuwa ake dubawa, wato abin da mutumin zai biya da ya je saye, ba abin da ƙungiya ta kashe ba.

Gwanjon ranar godiyar kaka ma haka yake. Ragon da zai yi N150,000 a kasuwa, in wani ya ɗauke shi a kan N400,000, ya sayi rago, ya kuma ba da kyautar N250,000. Tikitin cankar kyauta kuwa babu kyauta a cikinsa sam, gama mai saye sa'a yake saye, ko ya ci ko bai ci ba.

Ba ra'ayina kaɗai ba ne wannan, hukumomin haraji na ƙasashe sun daɗe suna fama da shi. A Amurka, dokar 1993 ta ce in mutum ya biya fiye da dala 75, kuma wani sashi na kuɗin na abin da ya karɓa ne, dole ƙungiyar ta ba shi takarda ta faɗi darajar abin, ta kuma sanar da shi cewa ragowar ce kaɗai za a cire masa a lissafin haraji. A Birtaniya akwai tsarin da suke kira Gift Aid tun 1990. A ƙa'idar da suka sa a Afrilun 2019, in kyauta ba ta wuce fam 100 ba, abin da za a mayar wa mai bayarwa kada ya wuce kashi 25 cikin ɗari. Abin da ya haura fam 100 kuwa kashi 5 cikin ɗari ne kawai, duka-duka kuma kada ya wuce fam 2,500. In aka ƙetare wannan iyaka, dukan kuɗin ya fita daga tsarin.

Inda maganar ta fi wuya shi ne suna. Idan mai gabatar da shiri ya ɗauki makirfo ya ce mun gode wa wane, an biya shi ke nan? An yi wannan gardama sosai a Amurka. A 1991 hukumar harajinsu ta ce kuɗin da kamfanin mai na Mobil yake ba masu shirya wasan ƙwallon jami'o'i na Cotton Bowl a Dalas, domin a haɗa sunansa da na wasan, kuɗin talla ne, sai an biya haraji a kansa. Ƙungiyoyi suka yi ta kuka, har majalisarsu ta shata iyaka a 1997. Faɗin sunan mai ɗaukar nauyi, ko sa tambarinsa a kyalle, godiya ce. Amma da zarar an yabi kayansa, ko an faɗi farashi, ko an ce wa jama'a su je su saya, ya zama talla. A ganina wannan iyaka ta dace da mu. Cewa "mun gode wa mai shagon siminti" daban ne da cewa "simintinsa ya fi na kowa araha, ku garzaya." Ni kam ba na so in ji irin ta biyun daga kan bagade, ko nawa aka bayar.

A nan Nijeriya, dokar harajin kamfanoni da ta yi aiki har ƙarshen 2025 ta yarda kamfani ya cire kyautar da ya bayar daga ribar da za a yi wa haraji, amma da sharuɗɗa. Kada ta wuce kashi 10 cikin ɗari na ribar shekara. Sai kuma ƙungiyar tana cikin jerin da doka ta amince da su, irin su Red Cross da Boys' Brigade. Rajista da hukumar CAC kaɗai ba ta isa ba. Dokar ta kuma faɗa a fili cewa kuɗin da kamfani ya biya domin ya sami wani abu mai daraja ba kyauta ba ne. Wannan bai cuci ɗan kasuwa ba, gama kuɗin talla yana da nasa gurbi cikin kuɗaɗen gudanar da kasuwanci. Ta ɓangaren ƙungiya kuma, an yafe mata haraji ne muddin kuɗin ba daga kasuwanci ya fito ba. An sa hannu a sababbin dokokin haraji a Yunin 2025, suka fara aiki ranar 1 ga Janairu 2026, saboda haka ma'aji ya zauna da akanta kafin ya buga sabon littafin rasit.

Wani zai ce, Fasto, mu a nan wa yake tambayarmu rasit? Ko babu mai tambaya, littafin ma'aji shaida ne. Ku tuna da Hananiya da Safiratu a Ayyukan Manzanni sura 5. Gonar tasu ce, kuɗin ma nasu ne, ba wanda ya tilasta musu su kawo duka. Laifinsu shi ne sun kawo sashi suka kira shi duka. Ma'ajin da ya rubuta N500,000 a inda ya san N380,000 ne, ya taya mutum faɗin abin da ba haka yake ba. Akwai kuma asara ta zahiri: kwamiti zai yi shirin gini da kuɗin da abinci da ɗab'i suka riga suka cinye.

Gyaran ba shi da wuya, amma tun kafin ranar taro ake yinsa. Kwamiti ya zauna ya sa wa kowane abu farashi, a rubuta a wasiƙar gayyata: teburi kaza, shafin talla kaza, rumfa kaza. Bayan taro a ba mutum rasit biyu, ɗaya na abin da ya saya, ɗaya na kyauta. Wanda yake so dukan kuɗinsa ya zama kyauta, sai ya faɗa tun da wuri cewa ba ya bukatar teburi ko talla, a ba wani. In ya karɓi katin teburin ya ajiye a aljihu, sa'an nan bai zo ba, an riga an dafa abincinsa an kuma hana wani kujerun, don haka za a cire darajarsu kamar ya zo ya ci.

Ubangiji ya kiyaye mu, sai mun sake saduwa a mako mai zuwa.